Kulocin A-kori-kura da Ƙafar Baba Sannu

Akwai wani bakanike da ake kira Kunne, a wani gareji da ke bayan tashar manyan motoci. Na daɗe ina son in kawo muku labarinsa a shafin nan, sai yau Allah ya nufa.

Ba a banza sunan ya kama shi ba. Mota za ta shigo gareji, kafin direba ya kashe ta Kunne ya riga ya faɗi ciwonta daga inda yake zaune. Abokan aikinsa, mai walda da mai gyaran waya, sukan tsokane shi cewa ko cikin mutum ne ya yi ƙugi, zai iya faɗin abin da ya ci shekaranjiya. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, kuma a unguwar in Kunne ya yi magana a kan mota, to magana ta ƙare.

Cikin motocin da yake dubawa har da wata tsohuwar a-kori-kura fara, ta wata Hajiya mai gidan kaji. Da ita ake raba ƙwai a shaguna da gidajen burodi. Direbanta dattijo ne, ana ce masa Baba Sannu, saboda yadda yake lallaɓa mota. Mutane kan ce ko jariri aka kwantar masa a baya ba zai farka ba. Tun mijin Hajiya na da rai yake tuƙa motar, shekara goma sha tara ke nan, kuma da ita ya ciyar da iyalinsa.

Wata safiya Baba Sannu ya kawo motar gareji, ya ce kuloci na yi masa wasa. Ba kullum ba. Da safe lafiya lau take, giya na shiga sumul. Amma in ya yi tafiya mai nisa da kaya, rana ta take, ya kuma faɗa cikin cunkoso, sai ya ji kulocin ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga nan giya ta ƙi shiga, ta dinga gurnani. In ya faka ya jira kamar rabin awa, sai ta dawo daidai kamar ba ita ba.

Kunne ya karɓi makulli, ya zagaya layi sau biyu da motar babu kaya, ya dawo. Bai ji komai ba. Amma don kada a ce bai yi aiki ba, sai ya ce farantin kuloci ne ya cinye. Aka sauke aka sa sabo.

Bayan mako biyu Baba Sannu ya dawo da maganar nan dai. Wannan karon Kunne ya canza famfon kuloci na sama, ya zuba sabon mai, ya fitar da iska. Ba a yi wata ba dattijon ya sake dawowa, yana ta ba da haƙuri tun daga bakin ƙofa kamar shi ya yi laifi. Kunne ya sauke giyabos, wato akwatin giya, gaba ɗaya, ya baje kayan cikinsa a kan kwali, ya bi haƙori ɗaya bayan ɗaya. Bai ga komai ba. Ya mayar ya ɗaure, ransa a ɓace.

A ranar ne Baba Sannu ya roƙe shi alfarma. Ya ce ya daure ya bi shi rabo rana ɗaya, ya zauna a gefensa har azahar, don abin ba ya nuna kansa da sanyin safiya.

Kunne ya yi dariya, ya juya wajen mai walda ya ce, “Ka ji Baba. Wai in rufe gareji in koma kwandastan ƙwai.”

Aka yi dariya. Shi ma Baba Sannu ya yi murmushi, ya karɓi makullinsa ya tafi.

Kwana tara bayan haka abin ya faru. Rana tsaka, mota cike da ƙwai, a kan hawan gada, cunkoso ya tsayar da kowa. Da layi ya motsa, Baba Sannu ya taka kuloci ya nemi giya ta ɗaya, ta ƙi. Ya sake takawa, ta ƙi. Na baya suka cika wuri da oda, wani har ya leƙo yana zaginsa. Dattijon ya danna sandar giya da ƙarfi, sai ta shige lokaci guda, motar ta yi tsalle ta daki bayan wata tifa da ke gabansa.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma fitilu sun fashe, gaban motar ya lotse, ƙwai kuwa sai kwarara suke yi ta ƙasan ƙofar baya zuwa kan kwalta. Mutane suka taru suna kallo. Baba Sannu ya fito ya tsaya a gefe.

Washegari Hajiya ta zo gareji da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba mace ce mai hayaniya ba. Ta tsaya kusa da motar, Baba Sannu na bayanta, direbobi uku ko huɗu da suka kawo gyara suna zaune a benci. Ta ce da Kunne sau uku ana kawo masa motar nan a kan abu ɗaya, yanzu ga inda aka kai. Tana son ya faɗa mata gaskiya tsakaninsa da Allah: motar ce ko direban?

Kunne ya dubi mutanen da ke benci. Duk sun zuba masa ido. A cikin ransa ya san bai gano komai ba, ya kuma san bai taɓa gwada motar a yanayin da dattijon ya faɗa ba. Amma bakinsa ya kasa furta cewa abin ya gagare shi.

Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, “Hajiya, na buɗe motar nan ciki da waje, ba abin da ke damunta. Shekaru ne. Ƙafar Baba ce ta fara mutuwa, ba ta iya kai kuloci ƙasa. In rana ta yi ya gaji, sai ya taka rabi ya ce mota ce.”

Baba Sannu bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta hagu, sannan ya ce, “To, ɗana. Kai ka fi ni sanin mota.”

Hajiya ba ta wulaƙanta shi ba. Ta kira shi gida, ta yi masa godiya, ta ce lokaci ya yi da zai huta, don ba za ta so wata rana a kawo mata labarin da ya fi fashewar ƙwai ba. Ta yi masa alheri ta sallame shi. Makullin motar kuma ta miƙa wa ƙanenta.

Shi ƙanen nata mutum ne mai gaggawa. Da sassafe yake fita, kafin rana ta ɗaga ya gama rabo ya ajiye mota. Ga damina ta shigo, gari ya yi sanyi. Aka yi wata biyu motar ba ta yi ko tari ba. Kunne ya dinga bugun ƙirji, duk wanda ya zo gareji sai ya ba shi labarin yadda ya gano cewa ciwon motar yana ƙafar direba. Direbobi suka kwashi maganar suka kai tasha.

Wata rana Kunne ya ari a-kori-kurar don ya ɗauko wani inji da ya saya a wani gari. Ya tafi lafiya. A hanyar dawowa aka yi rana mai zafi, ga nauyin inji a baya, ga cunkoso tun daga bakin gari. Ya yi kusan awa ɗaya yana matsawa kaɗan yana tsayawa.

Sai ya taka kuloci ya ji ya nutse kamar ya taka soso. Ya nemi giya, ta yi gurnani ta ƙi. Ya sake takawa har ƙasa da ƙafarsa mai ƙarfi, ta ƙi.

Gumi ya keto masa, ba na rana ba. Da ƙyar ya samu aka tura shi gefen titi. Bai jira ta huce ba, ya kwanta a kan ƙasa mai zafi ya shiga ƙarƙashinta. Bai yi minti biyar ba ya ga abin.

Tiyon da ke kai mai zuwa kuloci yana kwance dab da bututun salansa, mai fitar da hayaƙi. Zafi ya gasa shi har ya yi taushi ya kumbura. In bututun ya ɗau zafi sosai, sai man da ke ciki ya tafasa, tiyon ya saki, ƙarfin takun ya ɓace a hanya. In ya huce kuma komai ya koma daidai. A tsakanin tiyon da bututun akwai ramuka biyu na noti, babu komai a cikinsu. Nan ne mazaunin wani ɗan faifan ƙarfe da ke tare zafi.

Kunne ya san inda faifan yake. Shi ya cire shi da hannunsa a shekarar da ta wuce, ranar da ya canza wa motar salansa. Notinansa sun yi tsatsa, shi kuma yana sauri, sai ya wurga shi ƙarƙashin teburinsa ya ce ba shi da wani amfani.

Ya daɗe a kwance a ƙarƙashin motar, har wani mai shago ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Washegari ya tono faifan daga cikin tarkacen ƙarafa, ya sa sabon tiyo, ya ɗaure komai. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya mayar wa ƙanen Hajiya mota, ya ce ya ɗan duba masa ƙananan abubuwa. Bai faɗa wa kowa komai ba.

Jama'a, a nan ne laifin Kunne ya girma. Na farko ana iya cewa kuskure ne da girman kai. Wannan kuwa da saninsa ya yi shiru.

A gida matarsa ta lura ya daina cin abinci kamar da, ya daina raha da yara. Ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, “Mota ka gyara. Mutumin fa?”

Ya ce zai je gobe. Gobe ta yi, ya ce aiki ya yi yawa. Ya dinga tunanin abin da direbobi za su ce, da yadda Hajiya za ta dube shi. Ya kuma lallashi kansa cewa dattijon ai ya isa hutu dama, kuma mai hali irin nasa ba zai rasa wanda zai ɗauke shi aiki ba. Haka aka yi wata huɗu.

Ranar da abin ya ƙare masa, mai walda ne ya dawo daga kai mahaifiyarsa asibiti. Yana cire riga ya ce da Kunne, “Ka san wa na gani a layin ganin likita? Baba Sannu, da sanda. Wallahi ka yi gaskiya, ƙafar nan ta tafi. Da ƙyar na gane shi.”

Kunne ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Ko hannu bai wanke ba ya nufi gidan kajin Hajiya.

Ya same ta a rumfar da ake jera ƙwai, ya durƙusa ya faɗa mata komai: tiyon, faifan, ranar da ya gano, da watannin da ya yi shiru. Hajiya ta zauna a kan wani buhun abincin kaji. Ta ce mutumin nan shi ya tuƙa mijinta zuwa asibiti a ciwonsa na ƙarshe, ita kuma ta raba shi da abincinsa da bakinta, a kan maganar bakanike. Ta aika aka karɓo makulli, ta ce ya ja motar su tafi.

Gidan Baba Sannu ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu, da ɗan tsakar gida da igiyar shanya. Matarsa ce ta tare su. Kafin su shiga ta ba Hajiya labarin abin da ya faru bayan sallamar.

Ta ce mijinta ya nemi aiki wuri-wuri. Ya je wata makaranta da ke neman direban bas, ya je wani gidan burodi, ya je tasha. Ko'ina sai a ce ai sun ji labarin ƙafar. Tun yana dawowa yana cewa ƙafarsa lafiya lau, har ya daina faɗa. Daga baya ya fara cewa yana jin ta yi masa nauyi. Ya je asibiti sau uku, likitoci suka ce ba su ga komai a ƙafar ba, jininsa ne kawai ya hau. Ya ce likitoci ba su gane ba ne, Kunne ba ya kuskure. Da lasisinsa ya ƙare ya ƙi sabuntawa. Ya sayi sanda. Yanzu sai ya yini bai leƙa ƙofar gida ba.

Suka same shi zaune a kan tabarma, ya jingina da bango. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Da ya gansu ya yi ƙoƙarin miƙewa, yana ta yi musu sannu da zuwa, yana cewa a kawo musu ruwa.

Kunne ya zube a gabansa. Ya ce, “Baba, ƙafarka ba abin da ya same ta. Motar ce. Kuma ni na ɓata ta.”

Dattijon ya dube shi kamar bai ji ba. Sai ya tambaya, kamar yadda direba ke tambayar bakanike, mene ne ya lalace. Kunne ya yi masa bayanin tiyon da salansa da faifan. Baba Sannu yana ji yana gyaɗa kai. Ya tambaya ko shi ya sa take dawowa daidai in ta huce. Kunne ya ce shi ne. Ya tambaya ko shi ya sa ba ta yi da safe. Kunne ya ce shi ne.

Baba Sannu ya ce a hankali, “Ashe ba ƙarya nake yi ba.”

Sai hawaye ya zubo masa. Bai share ba.

Matarsa, da ke tsaye bakin ƙofa, ta tambayi Kunne yaushe ya gano. Ya ce wata huɗu ke nan. Ta ce wata huɗu da suka wuce mijinta bai fara riƙe sanda ba. Ta juya ta shige ɗaki.

Hajiya ta ce motar na waje, makulli nasa ne daga yau in yana so, lasisi kuma ita za ta sa a sabunta. Fuskar dattijon ta ɗan yi haske. Ya jingine sandar, ya fita da ƙafarsa har bakin lungu. Ya shafa gaban motar inda aka yi gyara, ya buɗe ƙofa ya shiga, ya matso da kujera yadda ya saba, ya gyara madubi. Ya tayar da ita.

Ya ɗora ƙafa a kan kuloci. Ƙafar ta fara rawa. Ya sauke ta, ya huta, ya sake ɗorawa. Ta ci gaba da rawa har gwiwarsa na bugun ƙasan sitiyari. Yaran lungu sun taru suna kallo. Ya daɗe a haka, sannan ya kashe motar, ya zare makulli ya miƙa wa Hajiya ta taga.

Ya dubi Kunne ya ce, “Na yarda da kai a wancan karon, yanzu ma na yarda da kai. Amma ita ƙafar maganar farko ta riƙe.”

Baba Sannu bai ƙara tuƙa mota ba. Hajiya ta ba shi aikin duba ƙwai a rumfa, yana zaune yana ware masu tsagu, don kada ya zauna a gida tunani ya cinye shi. Ya yi aikin da kyau, kamar yadda yake yin komai.

Shi kuwa Kunne, washegarin zuwansu ya tara abokan aikinsa da direbobin da ke gareji, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ya bi tasha ma ya faɗa. Amma labarin gyara bai yi gudun labarin ɓatanci ba, har yau akwai masu cewa ƙafar dattijon ce ta mutu. Hajiya ta ɗauke motarta ta kai wani gareji, wasu ma suka bi ta. Mai walda, da suka shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya, ya koma gaisuwa kawai.

Duk mako Kunne yakan je gidan Baba Sannu. Dattijon yakan karɓe shi da fara'a, su yi hirar motoci da hanyoyin da ya bi a ƙuruciya, bai taɓa tayar masa da maganar ba. Matar kuwa ba ta taɓa amsa gaisuwarsa ba. In ya shigo sai ta ajiye ruwa ta koma ɗaki.

Shekara ba ta zagayo ba jinin Baba Sannu ya buge shi a wurin aiki. Ya yi kwana shida a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mutane sun ragu, Kunne ya je yi wa matar ta'aziyya. Ya tsaya a tsakar gida ya yi sallama, bai sa ran za ta fito ba. Sai ta ɗaga labule. Wannan ne karo na farko da ta dube shi ido cikin ido.

Ta ce, “Ya ce in faɗa maka ya yafe maka, duniya da lahira. Saƙonsa ne, na isar.”

Ta saki labulen.

Darasi: In abu ya gagare ka, ka ce ya gagare ka, kada ka ɗora gazawarka a kan wanda ba shi da bakin kare kansa. In kuma ka gano ka zalunci wani, ka je masa a ranar, domin kullum da ka jinkirta akwai abin da ke lalacewa wanda ban haƙuri ba zai gyara ba. Ku tura labarin nan ga 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda ake jin maganarsu a wurin aiki.